Shekara ɗaya da rabi a kan babur mai caji: afdet, sabis da yadda muka kwashe da dila

Kusan kullum sai wani ya tsayar dani, ko a danja ko a bakin kasuwa, ya tambayeni babur ɗin nan. Nawa na saya, awa nawa yake ɗauka ya cika, zai je Wudil ya dawo? Har yau ba wanda ya taɓa tambayata wa yake gyara min shi idan ya tsaya, alhali nan ne na sha wahala ni kam. Shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta, ko wani da yake tara kuɗinsa zai amfana. Bazan faɗi sunan kamfanin ko shagon da na saya ba, har yanzu muna hulɗa kuma akwai yaran kirki da suke cin abinci a wurin, amma duk abinda zan faɗa a kaina ya faru.

Sana'ata gyaran waya ce a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ɓangaren sofwaya nafi yi, filashin da cire lok da makamantansu. Gida kuma Rijiyar Zaki. To kun dai san abinda ya faru da mai tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira ɗari biyu ta haura ɗari biyar cikin kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake dubu. A farkon 2024 na sayar da tsohon babur ɗina na cika kuɗi na ɗauko wannan. Ɗan Chana ne, injinsa a cikin tayar baya yake, wat 2000, batirin litiyam ne irin wanda ake kira LFP, an rubuta bolt 72 amfiya 40 a jikinsa. Ƙwayoyi 24 ne aka jera a ciki, shi yasa in ya cika cajar take nuna bolt 87.6. Daga ƙasa zuwa cika yana cin wuta kamar yunit uku da ɗan wani abu, ko da kuɗin wuta na Band A ka lissafa wanda aka kai naira 225 kan yunit ɗaya a Afrilun 2024 bai kai dubu ɗaya ba, kuma wannan cajin yana min kilomita sittin zuwa saba'in in ban ɗauki kowa ba. Tsohon babur ɗina sai na zuba masa lita ɗaya da rabi kafin yayi wannan tafiyar. A shago nake jona shi da rana a solar da muka haɗa kuɗi muka saka, awa huɗu zuwa biyar ya cika.

Maganar gaskiya babur ɗin kansa ina sonsa. Ba bakin mai, ba fulogi, ba kabureta da za'a wanke, ba cen da zai saki ko sifoket da zai cinye. Da asuba ina fita dashi ban tashi kowa a gida ba. In danja ta saki kafin ɗan sahu ya gama murza totur na bashi rata. Abinda na canza a shekara ɗaya da rabi bai wuce fad ɗin birki sau biyu ba, tayar baya sau ɗaya, boris ɗin tayar gaba da ƙurar hunturu ta cinye, sai man birki. Shikenan. Indai ƙarfe da roba ne to ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Inda gizo ke saƙar shine abinda ido baya gani. Mutane suna ɗauka batir ne da inji kawai, a'a, ƙananan kwamfutoci ne har huɗu a jikin nawa. Akwai kontrola, ita take karɓar umarnin totur ta yanke yawan wutar da za ta tura wa inji. Akwai BMS a cikin akwatin batir, ita take gadin ƙwayoyin nan 24 ɗaya bayan ɗaya, in ɗaya tayi ƙasa da yawa ko tayi zafi ta yanke wuta gaba ɗaya. Akwai mitar da kake kallo a kan babur, sai wani ɗan akwati mai Bluetooth da yake magana da manhajar da ke cikin wayarka. Kowacce da sofwayarta a ciki, kuma duk sai sun fahimci juna kafin tayar nan ta juya. Wannan sofwayar ita kamfani yake sabuntawa lokaci zuwa lokaci, mu dai afdet muke ce mata. Sau uku aka min, kuma kowanne da labarinsa.

Na farkon alheri ne. Wata uku da sayen babur sai mita ta fara min ƙarya, tana nuna saura kashi talatin, ina cikin tafiya sai ɗif komai ya ɗauke. Sau ɗaya a gadar ƙasa ta Kabuga ta min haka wajen hawowa, ga motoci a bayana suna ta hon, da ƙyar na tura shi gefe. Na kai shago, a nan na fara haɗuwa da wani matashin injiniyansu wanda shi kaɗai ne dalilin da yasa ban yanke hulɗa da wurin ba har yau. Ya jona laftof ya juyo min fuskarta yace Yaya zo ka gani da idonka. Ƙwayoyi 24 a jere kowacce da lambarta, ashirin da uku suna kan bolt 3.3, guda ɗaya ta zauna a baya. Yace irin wannan batirin na LFP haka halinsa yake, tun daga kusan cika har kusan ƙarewa ƙarfinsa baya wani sauka, yana nan tsakanin 3.2 da 3.3, sai dab da ƙarshe ya faɗo lokaci guda, saboda haka mita ba za ta iya dogara da bolt kaɗai ba sai dai ta riƙa ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, ƙirgan kuma yana gocewa a hankali in ba'a cika batirin har ƙarshe ba. Ni kuma a lokacin da ya kai kashi tamanin ko casa'in nake zare shi saboda abinda na saba gaya wa masu waya kenan. Ashe a nan ba haka bane, BMS ɗin nan sai a can saman caji take daidaita ƙwayoyin kuma da wuta 'yar mitsitsiya take yi, dole ka barshi a jone bayan ya cika. Ya saka sabuwar sofwaya a BMS, yace in barshi a caja har kwana, in maimaita sau uku, daga nan ko sau ɗaya a sati in cika shi taf. Tun ranar mita bata sake yaudarata ba. Bai karɓi ko sisi ba, ya bani lambarsa.

Abinda ya tsaya min a rai daga baya shine me yasa ba'a gaya min wannan ranar da na saya ba. Takardar da ke cikin kwalin Turanci ne irin wanda inji ya fassara daga Sinanci, shafi 'yan kaɗan, ba inda aka yi maganar daidaita ƙwayoyi. Da wanda ya miƙo min makulli ya ɓata minti biyar ya min bayani da ban tsaya a Kabuga ba.

Afdet na biyu shi ya fara ɓata min rai. Na kai sabis ne kawai na wata goma sha biyu kamar yadda takardar waranti tace, a duba birki a ɗaure notuna. Injiniyan nan baya nan, wani ne ya karɓa. Da yamma na ɗauko babur, tun kafin in kai Zoo Road naji ba shi bane. Da in na murɗa totur har sai na riƙe kai da kyau, yanzu sai ya ɗan yi jim kafin ya ja, gudun da yake kai saba'in da biyar ya tsaya a sittin da biyu cak kamar an ɗaure shi da igiya. Na duba iskar taya, na duba ko birki ne yake kamawa, lafiya lau. Da na buɗe manhaja sai naga lambar sofwayar kontrola ta canza. Ba wanda ya tambayeni, ba wanda ya gaya min, ba'a ma rubuta a rasit ba.

Washegari na koma na samu mai shagon da kansa. Nace Alhaji an taɓa min babur ba da izinina ba. Yace Malam ai gyara aka maka, kamfani ne suka turo suka ce duk wanda ya shigo a saka masa. Nace to me aka gyara? Yace wallahi shi ma bai sani ba, fayil kawai ake turo musu. Nace to a mayar min da tsohuwar. Yace ba'a komawa baya. Ban ga alamar mugunta a tare dashi ba, dattijo ne mai fara'a har lemo ya sa aka kawo min, ɗan kasuwa ne da ya shekara yana sayar da babura masu mai ya ga kasuwa ta juya shima ya juya, amma a tunaninsa in babur ya fita daga ƙofar shago an gama ciniki. Wannan kayan kuma ba haka yake ba, cinikinsa baya ƙarewa.

Sai da injiniyan ya dawo ya min bayanin da ya kamata ace tun farko aka min. Yace a zafin bara kontrola da yawa sun ƙone, musamman na masu ɗaukar kaya da masu goyon mutum biyu, shine kamfani suka rage yawan wutar da take saki kuma suka sa ta fara ja da baya da wuri in ta ɗau zafi. To ka ga wannan magana ce mai ma'ana. Duk wanda ya san Kano a Afrilu, rana ta haura digiri arba'in, kwalta kamar kasko, ya san abin da aka gwada a wata ƙasa mai sanyi dole a sake masa lissafi a nan. Kuma in faɗi gaskiya bazarar da ta biyo baya ko sau ɗaya bai nuna min alamar zafi ba, cajin ma ya ɗan ƙara daɗewa. Da an ce min Malam za mu rage maka gudu kaɗan dan kar kontrolarka ta ƙone, ka yarda? Da zan yarda da hannu biyu. Abinda ya min ciwo shine na biya kuɗin babur mai gudun saba'in da biyar, wani a wata ƙasa ya zauna ya mayar dashi mai sittin da biyu, ni mai shi kuma sai a titi na ji labari.

Ba mu kaɗai bane ma. A Amurka akwai kamfanin Zero da ke California, tun 2006 suke wannan harkar, su ma ta manhajar waya suke tura afdet, har sun taɓa buɗe wani abu da suka kira Cypher Store inda ƙarin ƙarfin batir ko saurin caji yana nan a jikin babur ɗin da ka riga ka saya amma a kulle, sai ka biya a buɗe maka ta intanet. Masu baburan sunyi ta surutu a kai. Wanda yafi bani tsoro kuma shine in kamfanin ya mutu. Energica na Italiya, waɗanda suka yi wa gasar tseren babura masu caji ta MotoE babura daga 2019 zuwa 2022, sun durƙushe a Oktoban 2024. Cake na Suwidin sun faɗi a farkon shekarar. Masu keken lantarki na VanMoof a Holan da kamfanin ya karye a 2023 sai da hankalinsu ya tashi saboda makullin keken a cikin manhaja yake, har wani kamfani abokin hamayyarsu ya fito da manhajar da mutum zai adana makullinsa. In manya irin waɗannan za su faɗi, to ina ga wanda ko ofishinsa ban san inda yake ba a Chana? Tsohon Jincheng ko an rufe masana'antarsa yau, kowane bakanike a Kano zai ci gaba da tayar dashi shekara ashirin.

Afdet na ukun shine babba. Sati biyu kafin babbar sallah saƙo ya shigo manhaja wai akwai sabuwar sofwaya, a karon farko an ce mai babur zai iya sakawa da kansa ta Bluetooth. Aikina kenan ai, na san ƙa'ida. Na cika batirin babur, na cika waya, na tsaya kusa dashi a soro na danna. Ya fara tafiya, goma, ashirin, arba'in, yana kashi sittin da ɗaya kira ya shigo wayar, manhajar ta koma baya, da na dawo sai naga ta tsaya cak. Na jira rabin awa ba motsi. Na kashe makulli na kunna, mita ta kawo haske fari fes ba rubutu ko ɗaya, fitila tana kamawa, hon yana yi, totur kuma kamar ba'a jona shi ba. A gargaɗin da suka rubuta ba inda aka ce ka hana kira shigowa. Manhajar kirki kuma ya kamata ace ta gama sauke fayil ɗin gaba ɗaya cikin babur, ta tabbatar ya cika, sannan ta fara goge tsohuwar, ko kuma a ajiye tsohuwar a gefe in sabuwar bata hau ba a koma kanta. Wayoyin Android da yawa haka suke yi yanzu. Wannan ɗin gogewa take tana rubutawa a lokaci guda.

Irin wannan a waya kullum muna gani, ta tsaya a logo ko ta mutu gaba ɗaya, kuma bama tsoro saboda kayan aikin suna hannun kowa. In waya mai injin MediaTek ce ga manhajar SP Flash Tool, in Samsung ce ga manhajar Odin, fayil ɗin kuma ka nema ka samu, minti ashirin ka miƙa wa mai ita. Na kwance murfin gefe na ga soket ɗin da ake jona kebul da idona, na san sarai abinda ake buƙata, amma ba kebul ɗin a kasuwa, ba manhajar, ba fayil. Wallahi ranar naji abinda kwastomomina suke ji in suka zo da waya a mace suna kallon hannuna.

A kurkura na ɗora shi zuwa shago. Nan aka ce min laftof ɗin da ke da manhajar guda ɗaya ce tak, kuma injiniyan ya tafi da ita Legas horo. Yaushe zai dawo? Jibi. Jibi ta zama bayan sallah. Da ya dawo kuma aka tarar lasisin manhajar ya ƙare sai an sabunta daga Chana, su kuma can in mun tashi sun kusa tashi daga aiki saboda awa bakwai suke gabanmu, saƙo ɗaya sai ya kwana kafin a amsa. Kwana goma sha tara babur ɗina yana jingine a bayan shago ƙura tana hawansa, ni kuma ina biyan ɗan sahu zuwa da dawowa, hidimar sallah duk a ƙafa da aron babur ɗin ƙanina. A kwanakin nan ba wanda ya kirani daga shagon ko sau ɗaya, ni nake kira. Ban ce su bani wani babur in riƙa hawa ba duk da ga su nan a jere, kira kawai, ace Malam ga inda ake ciki. Ranar da komai ya haɗu kuwa ina tsaye aka yi, ya jona kebul, ya danna, minti goma sha biyu mita ta dawo da rubutunta. Ya ɗago yace Yaya kayi haƙuri, wallahi na gaya musu su sayi laftof ta biyu. Shi da ba laifinsa ba shi ya bani haƙuri.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani, zaman da babur yayi a wurin ma haɗari ne. Ko a kashe yake BMS da akwatin Bluetooth suna ɗan shan wuta a hankali, in batirin litiyam ya sauka ƙasa da iyakarsa ya daɗe a haka to ƙwayoyin na iya lalacewa, batir kuma shine kusan rabin kuɗin babur ɗin. Allah ya taimakeni a cike na kai shi, kuma na roƙi wani yaro a wurin ya kashe min babban makunnin da ke ƙarƙashin kujera. Su da kansu ba wanda ya yi wannan tunanin.

Sai maganar masu gyaran unguwa, dan ba komai ne za ka ɗauka zuwa dila ba. Tayar baya ta taɓa yin faci a hanyar BUK, na tura wurin wani dattijo mai faci. Kafin in ankara ya kwance noti ya fara jan tayar kamar yadda ya saba, ashe kebul ɗin inji ta cikin ƙarfen tsakiyar tayar yake fitowa, manyan wayoyi uku da wasu sirara guda biyar na sensa. Nace Baba dan Allah tsaya, a zare soket tukunna. Yace yaro shekara talatin ina wannan aikin. Da lallami dai ya bari na zare, amma ɗaya daga cikin siraran ta riga ta ɗan tsage, bayan kwana biyu babur ya fara karkarwa yana gurnani wajen tashi. Wannan da kaina na gyara da ayan ɗin soda na shago. Tun daga nan in tayar baya ce ina tsaye ake yi, kuma tunda tubles ce nakan ce a cusa mata faci daga waje ba sai an cire ba. Masu wanki suma haka, kar ka bari su saita bakin injin feshi a kan kontrola ko mita ko inda kebul ya shiga taya, bokiti da tsumma sun isa. Da damina kuma in ruwa ya kai tsakiyar taya ni juyawa nake, ko da kuwa zagaye zan yi. Sannan in babur yaƙi tafiya alhali komai yana kamawa, kafin ka tayar da hankalinka duba makunnin da ke jikin hannun birki da na jikin jak ɗin gefe, ƙura ko ruwa in suka shige su sai kontrola ta ɗauka birki ka riƙe taƙi sakin wuta. Sau biyu abin nan yana min, ɗan feshin man wanke bod ne maganinsa.

Kayan gyara kuma sai a hankali. Fad ɗin birki da boris da taya duk ana samu a kasuwa dan sun yi daidai da na wasu baburan. Amma abinda yake nasu ne su kaɗai, mita, caja, kontrola, amsar kullum ita ce kwantena tana hanya. Wani da muke haɗuwa dashi a shagon, mai kai saƙon kaya ne, cajarsa ta ƙone saboda wutar janareta mai hawa da sauka, yafi wata yana jira, sau biyu ina ara masa tawa da daddare. Na gargaɗe shi kar ya sake ya sayi kowace caja dan kawai an rubuta 72 a jikinta, batir mai ƙwaya 20 na ɗaya nau'in litiyam ɗin a 84 yake cika, namu a 87.6, in ka haɗa su ba daidai ba ko dai bazai cika ba ko kuma a ɗayan ɓangaren ka jawo gobara. Waranti kuwa da baki aka ce min shekara biyu kan batir, da na zauna na karanta takardar sai naga shekara ɗaya ce, kuma akwai sharaɗin in wani ya buɗe ko ka tsallake sabis ta faɗi. Ka karanta kafin ka biya, in an faɗi wani abu da baki ace a rubuta a sa hannu.

Na yi tunanin in cire kontrolarsu in saka irin su Votol ko Fardriver waɗanda kowa zai iya saita su da wayarsa ko kwamfuta, BMS ma akwai irin su Daly da JK da suke nuna maka kowace ƙwaya a waya ba sai ka roƙi kowa ba. Injiniyan yace zai yiwu amma mitar ba za ta gane su ba dan yarensu daban, sai dai a canza har ita, kusan rabin wayarin kenan. Ina nan ina lissafi. Akwai kuma tsarin da irin su Spiro da suka shigo jihar Ogun da Ampersand na Ruwanda suke yi, inda batirin ba naka bane, ka kai wanda ya ƙare a musanya maka da cikakke, ciwon kan batir da sofwayarsa yana wuyan kamfani. Ga mai aiki da babur wuni guda ina ga wannan yafi kwanciyar hankali in akwai tashoshin kusa dashi.

In za'a ce in bada maki, babur ɗin huɗu cikin biyar, injiniyan biyar cif, shagon a matsayin wurin sabis biyu, ita ma biyun dan ba su taɓa cajina kuɗin afdet ba ne kuma ba'a taɓa min rashin mutunci ba. Abokaina biyu sun saya bayan sun ga nawa kuma ban hana su ba, abinda kawai nace musu kafin su ciro kuɗi su ce a nuna musu mai gyaran da idonsu, a nuna musu laftof da kebul, su tambaya guda nawa ne, su leƙa sito su ga ko akwai caja da kontrola a ajiye, kuma a rubuta musu a rasit cewa ba za'a taɓa sofwaya ba sai an sanar dasu. Ɗaya daga cikinsu Alhajin ya masa dariya yace kai ma ɗan Farm Centre ɗin nan ne ya aiko ka ko, amma dai ya rubuta.

Yanzu haka wani sabon saƙon afdet yana zaune a wayata yau sati uku ban taɓa shi ba. Na tura wa injiniyan nace ya tambayo min me aka canza a ciki, yace ya tura musu suna jiran amsa. In amsar ta zo kuma ta gamsar dani, ranar Asabar da safe zan kai babur ɗin shago, a yi shi da kebul ina tsaye, bayan na kira na tabbatar laftof ɗin tana gari.